Yadda na nemi tsohuwar jita ta hannu, daga tallar intanet har teburin mai gyara

Duk wanda ya shiga neman tsohuwar jita ta katako, wadda ba a jona mata wuta, yawan bayani ne zai fara rikita shi. Wannan ya ce sunan kamfani ne komai, wancan ya ce shekarar ƙira, wani kuma ya rantse da irin katako. Ni na bi hanyar tun daga duba talla har na ɗauko tawa daga wurin mai gyara, kuma abin da na gani shi ne, yadda wuyan jita ya zauna a jikinta shi ke raba mai kyau da wadda za ta cinye maka aljihu. Zan kawo yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani ya huta da wahalar da ba dole ba.

Da karatu na fara, kuma karatun ne ya rage mini buri. Sunaye biyu kowa ke kira. Akwai Martin, wanda aka kafa a 1833, har yau kuma yana aiki a garin Nazareth na jihar Pensilbaniya a Amurka, sai Gibson, mai J-45 da ta fito a 1942 lokacin da masana'antarsu ke Kalamazoo. Jitocin Martin da aka yi kafin ƙarshen 1944, zamanin da suke sassaƙe katakan tokara na ciki su yi siriri don fuskar jita ta samu damar motsi, su ne masu tara kayan tarihi ke rububi, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai neman abin kaɗawa kawai. Ban ko ɓata lokaci a kansu ba. Na dawo kan na shekarun 1960 da 1970, inda mai matsakaicin hali zai iya sa hannu. A nan akwai Guild, da suka koma garin Westerly a ƙarshen shekarun 1960 suka zauna can har 2001. Akwai Yamaha jerin FG da aka fara a Japan a 1966, masu jar takarda a ciki ɗauke da sunan Nippon Gakki. Akwai kuma Harmony ta birnin Shikago, wadda ta rufe a tsakiyar shekarun 1970. Wani abokin kiɗana da ya riga ni shiga harkar ya ba ni shawara biyu. Ya ce in kasa kuɗina uku, in yi ciniki da kashi biyu, in adana ɗaya na gyara, domin da wuya jita ta shekara hamsin ba ta buƙatar a taɓa mata wani wuri. Ya kuma ce in nemo mai gyara tun kafin in nemo jitar.

Shawarar ta biyu ta yi mini bambaraƙwai, amma na bi. Na samu wani dattijo da ya tsufa a cikin sana'ar, na roƙe shi ɗan lokaci, na ce zan biya kamar yadda ake biyan kuɗin duba kaya. Ya sa mini rana. Da na je na tarar da jitoci jingine a bango, kowace da 'yar takarda soke a tsirkiya, na zauna na jira har ya gama ɗaure wata da ya shafa wa gam. Sannan ya waiwayo ya ce, "To ɗana, me kake so ka sani?" Na ce, "Baba, abin da zan duba kafin in miƙa kuɗi." Bai amsa ba. Ya zaro rula ta ƙarfe mai tsawon santimita 60, ya kafa ta a kan gefenta bisa firet, ƙananan ƙarafan nan da aka jera a wuya, ya tura ta a hankali har ta iso jaki, katakon da aka manna a fuska wanda tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinsa. A jita ta farko bakin rular ya hau saman jakin cif. A ta biyu sai ya daki gefensa, ƙasa da saman da kusan milimita 3. Ya ce ta farkon lafiyarta ƙalau, ta biyun kuwa sai an cire mata wuya.

Daga nan ya warware mini dalili. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe, ko da marasa kauri ne, suna jan kusan kilo 70, dare da rana, shekara da shekaru. A hankali jikin jita ya saduda, fuska ta kumbura a bayan jaki ta lotsa wajen ramin sauti da ke tsakiyarta, wuya ya ɗago gaba, tsirkiya ta yi nisa da firet har yatsa ya gaji da dannawa. Mutane da yawa suna zaton sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake juyawa da ɗan sifana, za ta magance wannan. Ita aikinta ɗaya ne, ta miƙar da lanƙwasar wuyan kansa, babu ruwanta da mahaɗar wuya da jiki. Ya ƙara da cewa Martin ma ba su fara sa sandar da ake juyawa ba sai 1985, saboda haka wanda ya ce maka a ɗan juya sanda a Martin ta shekarun 1970 bai san kayan da ke hannunsa ba. Gibson kuwa tun farkon shekarun 1920 suke da ita. Gyaran gaskiya shi ne a zare firet na 15, a huda ɗan rami a gurbinsa, a tura tururi ya narkar da gam, a zare wuyan ɗungurungum, a kankare gindinsa kaɗan, a mayar. Aikin ƙwararru ne, yana cin kuɗi, kuma sau da yawa yakan jawo sabon firet da sabon ƙashin kan jaki. A jita mai daraja ya cancanta. A mai araha kuwa kuɗin aikin kan zarce kuɗin jitar. Kafin in tashi ya ba ni awo uku na rubuta. A firet na 12, tazarar tsirkiya mai kauri kusan milimita 2.5, ta siririyar kusan 2. Siririn ƙashin da tsirkiya ke hawa a kan jaki ya fito sama da katako da kusan milimita 3. Tsirkiya kuma ta yi sama da fuska da kusan milimita 12 a daf da jaki. Kuɗin da na biya shi ranar nan su ne mafi amfani cikin duk abin da na kashe.

Sai na shiga duba talla a intanet, matakin da ya fi kowanne cin rai. Kusan kowace talla na cewa sauti mai daɗi, sauƙin kaɗawa, ba ta da matsala. Hotuna kuma duk daga gaba aka ɗauka, inda fenti ke sheƙi. Na tsara saƙo ɗaya ina tura wa kowa: ina son hoton jaki daga gefe, hoton firet na 12 da rula a jingine, hoton gindin wuya, hoton takardar ciki, da lambar jitar. Nan na fara tankaɗe ba tare da na bar kujera ba. Wasu ba su amsa ba sam. Wasu suka turo hoton gaba a karo na biyu. Wani ya ji haushi ya ce shi jita yake sayarwa, ba makaranta ya buɗe ba. Kaɗan ne suka turo abin da na nema, kuma a cikinsu ne na ci gaba da magana. Jiran amsa kan ɗauki lokaci, wani lokacin kafin ta zo wani ya riga ka, sai ka ji kamar an ƙwace maka abinka alhali ko taɓa shi ba ka yi ba. Game da lamba, Martin ce mafi sauƙi, domin lambobinsu a jere suke tun 1898, an buga su a katakon ciki inda wuya ya shiga, kuma jadawalin shekarun a fili yake ga kowa. Na Gibson a shekarun 1960 an maimaita wasu lambobin, don haka lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an haɗa da siffar jaki da tambarin kai da sauran alamu.

Jita ta farko da na je gani a gidan mai ita ce. Ya fito da ita daga akwati mai laushin ciki, fenti ya yi ja-ja irin na tsufa, babu ko ƙwarzane mai zurfi. Na kaɗa, tsirkiya na kusa da firet, yatsa ba ya wahala, zuciyata ta fara cewa an gama. Sai na kwantar da ita a cinya na dubi jaki daga gefe. Ƙashin ya kusa nutsewa cikin katako, abin da ya fito bai fi kaurin farce ba, tsirkiyoyin kuma sun wuce ta kansa kusan a miƙe, babu karyewar da ke danna ƙashi ta tura sauti cikin fuska. Jakin kansa ya yi siriri, an goge samansa har ramukan fegin da ke riƙe tsirkiya sun buɗe baki. Na nemi izini na ɗora rula, ta daki gefen jakin duk da an rage masa tsawo. Kyan ɗan maciji ke nan. Wani ya riga ya cinye duk rangwamen da jitar ke da shi don ta yi daɗin dannawa, abin da ya rage sai cire wuya da sauya jaki gaba ɗaya. Ban zargi mutumin da ha'inci ba, don da alama haka ya same ta, kuma da na nuna masa ya yi shiru yana kallon rular. Na yi godiya na fito, jikina a sanyaye.

Bayan wannan na koma shagunan da ke sayar da kayan kiɗa na hannu. Kuɗinsu ya fi na mutum da mutum, amma za ka kaɗa da yawa a zama ɗaya, kuma kunne ba ya koyo sai da kwatantawa. Ina tafe da rula, ƙaramar tocila, da ɗan madubi mai mariƙi irin na likitan haƙori. Da madubin nake leƙa ƙarƙashin fuska. Idan katakan tokara sun gitta juna kamar harafin X, ginin da Martin suka yaɗa ke nan. Idan kuma a jere suke a kwance ɗaya bayan ɗaya, sautin yakan fito a bushe, ya buga ya mutu da wuri, kuma fuskar ta fi saurin kumbura. Harmony Sovereign irin wannan ginin gare ta duk da katakonta na gaske ne, haka ma Gibson LG-1, alhali 'yar'uwarta LG-2 mai X ce. Wasu sautin nan busasshe suke nema da gangan, ni dai bai kwanta mini ba. Na kuma kaɗa Yamaha mai jar takarda, na gane dalilin da ya sa ake yabonta: ba ta da nauyi, muryarta a buɗe, ko da yake fuskarta katako ne mai hawa-hawa da aka manne. A ganina jita ce ta kirki idan wuyanta na daidai, amma sunan da ta yi ya sa ana ɗora mata kuɗin da ba zai bar maka na gyara ba. A shagunan ne kuma na daina tsoron tsaga. Tsagar da ta bi tsawon katako, aka manne ta aka tokare da 'yan guntaye daga ciki, ba abin damuwa ba ce. Tsofaffin Martin da yawa suna da irinta a gefen robar da ke kare fuska daga ƙwarzane, saboda a da kai tsaye ake manna robar a kan katako, da ta tsufa ta tsuke sai ta ja shi. Siraran layukan da ke bazuwa a fenti su ma alamar shekaru ce kawai. Abin gudu shi ne karyewar kai da aka ɓoye da baƙin fenti, da jitar da aka sake wa fenti gaba ɗaya, wadda darajarta ke faɗuwa sosai, da warin ruma idan ka sa hanci a rami, don yana nuna ta sha zama a laima.

Ana cikin haka na ga wata talla daga wata ƙasa, jita ta farkon shekarun 1960, kuɗinta daidai aljihuna, mai ita kuma ya turo duk hotunan da na nema. Na kai wa dattijon hotunan. Ya daɗe yana kallon allon wuya, wato katakon da aka jera firet a kai, da jaki, sannan ya ce, "Ka tambaye shi takarda." Ashe katakon rozwud na Birazil ya shiga jerin da ya fi tsanani a yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, tun 1992, ba ya ƙetare iyaka a ciniki sai da izinin da ke tabbatar da cewa an yi kayan kafin lokacin. Martin sun bar amfani da shi a jitocinsu na yau da kullum a 1969 suka koma na Indiya, kuma jitoci da yawa na kafin nan suna da shi a allon wuya da jaki ko da jikinsu mahogani ne. Sauran nau'o'in rozwud an sa su cikin wani jerin da bai kai wannan tsanani ba a 2017, sannan aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera a ƙarshen 2019, amma sassaucin bai haɗa da na Birazil ba. Mai jitar ya ce ba shi da takarda, ba kuma zai nema ba, wai in bari ya rubuta wani abu dabam a kan kwali. Na ce a'a. Idan kwastan suka riƙe ta, ba jita ba kuɗi.

Wadda na saya daga ƙarshe ba ta fi sauran kyau ba. Guild D-35 ce, fuskar katakon sifurus, baya da gefe mahogani, takardar ciki na cewa Westerly, lambar kuma ta faɗa cikin jerin 1974. Bayan wuyanta fenti ya goge har katako ya fito inda tafin hannu ke zama, ƙasan rami kuma duk sawun farce ne. Na ɗora rula, ta hau saman jaki. Ƙashi na nan da tsawonsa. Da na kaɗa, ƙasan muryarta ya cika mini ƙirji, kuma na bi firet ɗaya bayan ɗaya har sama ban ji inda sauti ya shaƙe ba. Sai dai da na ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa na ji wani wuri yana amsawa da karkarwa, kuma da na gwada da kusurwar wata takarda sai ta shige ƙarƙashin jaki ta baya. Na ce wa mai ita ina so, da sharaɗin mai gyara ya gani tukuna. Ya ɗan yi jim, sannan muka daidaita: na ba da kafin alƙalami, muka rubuta cewa idan aka samu babbar matsala zai mayar mini da kuɗina in mayar masa da kayansa, kowa ya sa hannu. Dattijon bai duba ta nan take ba, ya ce in bar ta ta kwana biyu, kuma jiran nan ya fi duk na baya tsawo a raina. Da ya kira, ya ce katakon tokara ɗaya na baya ya saki a ƙarshensa, jaki ya fara ɗagawa, firet na farko-farko sun ci, akwai kuma tsohuwar tsaga a gefe da aka gyara da kyau. Duk aikin shekaru ne, wuyan kuwa ba ya buƙatar komai. Ya rubuta mini kiyasin kuɗi a takarda.

Takardar nan ce ta yi mini ciniki. Ban kushe jitar ba, ban yi ta jan magana ba, na dai ajiye masa kiyasin na ce mu raba. Ya rage kusan rabin kuɗin gyaran, muka shirya. A rasit na tabbatar an rubuta sunan kamfani, samfuri, lambar jita, kwanan wata, da sa hannunsa, na kuma ɗauki hoton lambar da na takardar ciki na ajiye tare. Rasit irin wannan shi zai fitar da kai idan wata rana aka ce kayan sata ne, shi kuma mai saye na gaba zai nema. Daga nan jitar ta koma layin gyara ta jira nata lokacin, don mai gyara na kirki ba ya rasa aiki, kuma gam ba ya son gaggawa. Ya cire jakin ya kankare tsohon gam ya mayar, ya manne katakon da ya saki, ya goge firet suka daidaita. Kuɗin bai cinye kason da na adana ba.

Da zan sake bin hanyar nan, tsarin ba zai canza ba: mai gyara, sannan rula, sannan kunne, suna kuma daga baya. Zan fi amincewa da jitar da aka kaɗa har ta goge a kan wadda ta kwanta a akwati tana sheƙi, domin wadda ta yi daɗi ita hannu ke yawan ɗauka, kuma mai kaɗa ta kullum yakan lura da ciwonta da wuri. Ba zan sayi wadda ban taɓa ba sai da rubutaccen sharaɗin mayarwa. Idan ta hanyar aike za ta zo, zan ce a sassauta tsirkiya, a cusa abu mai laushi a kewayen kai, in kuma an kawo ta cikin tsananin sanyi in bar kwalin a rufe ya ɗauki zafin ɗaki kafin in buɗe, don canjin farat ɗaya na fasa tsohon fenti.

Ranar da na je ɗauka, dattijon ya sa mata tsirkiya marasa kauri ya ce kada in wuce su. Ya ce in sayi ɗan ma'aunin danshi in jefa cikin akwatin, in riƙe shi tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, don bushewa ke tsaga fuska, laima kuma ta kumbura ta. Kada in bar ta a mota cikin rana, zafi na sakin gam. Sannan ya auna tazarar firet na 12 a gabana, ya rubuta adadin a bayan rasit tare da kwanan wata, ya ce in riƙa aunawa duk lokacin da na sauya tsirkiya, in na ga ta haura milimita 3 in kawo masa ita.